HAƘURI DA MAGANI: Darasi a kan masu ciwon jini da ke shan maganin rage garkuwar jiki

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, mai jarraba bayinsa da cuta, mai yi musu rahama da waraka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wasu bayin Allah da muke sahu ɗaya da su a masallatai, ko muke gida ɗaya da su, alhali da yawanmu ba mu fahimci halin da suke ciki ba. Su ne waɗanda Allah Ya jarraba da wani nau'i na ciwon jini, lokotoro ya ɗora su a kan maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, sai maganin ya zo musu da tasa wahalar: fuska ta kumbura, barci ya ƙi zuwa, hannu ya riƙa rawa. Daga nan sai dangi da maƙwabta su taso da shawara, kowa yana cewa ai maganin nan ne ke kashe shi, a bar shi kawai. Tambayar da ke gabanmu ita ce: mene ne ya wajaba a kan marar lafiya a irin wannan hali, mene ne Shari'a ta ɗauke masa, kuma mene ne ya hau kanmu mu jama'a?

Asalin ciwon

Sai mu fara sanin cewa jini a cikin ɓargon ƙashi ake yin sa, kuma ƙwayoyinsa iri uku ne. Akwai jajaye masu ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi, waɗanda kowace ɗaya takan yi kimanin kwana 120 kafin a sauya ta. Akwai farare masu yaƙi da cuta. Akwai kuma wasu ƙanana ƙwarai masu tsayar da jini idan an ji rauni, waɗanda likitocinmu ke kira falaket. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 400,000 nasu a cikin ɗigon jinin da bai kai kan allura ba.

Allah cikin hikimarsa Ya sanya wa jiki dakaru masu tsaronsa, su ne ake kira garkuwar jiki. To, wani lokaci dakarun nan sukan ruɗe, su kasa bambanta ɗan gida da ɓarawo. A wani su faɗa wa falaket, sai ka ga mutum yana yawan haɓo, dasashinsa na jini, tabo baƙi-baƙi na fitowa a fatarsa ba tare da ya bugu ba. A wani su faɗa wa jajayen ƙwayoyi, jini ya yi ta ƙarewa, ido ya yi ɗorawa. A wani kuma, wanda ya fi tsanani, su faɗa wa ɓargon kansa har ya daina aiki. Wani likita ɗan Amurka mai suna Wilyam Harington shi ya nuna wa duniya haka a fili: ya sa aka ɗura masa jinin mai ciwon ƙarancin falaket, cikin awoyi kaɗan nasa suka faɗi ƙasa warwas, bayan kwanaki suka komo. A shekarar 1951 aka buga wannan bincike. Wannan ciwo dai daban yake da amosanin jini na gado da muka fi sani a ƙasar nan, kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ko da cin abinci a akushi ɗaya.

Tun da dakarun gida ne suka yi tawaye, magani shi ne a sassauta musu ƙarfi. Wanda aka fi bayarwa shi ne dangin kortizon, wanda za ku ga an rubuta prednisone ko prednisolone a kan kwalinsa. An fara yi wa mutane magani da kortizon a 1948. Na biyu shi ne sikulosforin, wanda aka samo daga wata irin hunhuna ta cikin ƙasa, aka fara sayar da shi a 1983, kuma shi ake ba mai mutuwar ɓargo. Duk biyun suna aiki, kuma duk biyun suna da ɗaci.

Hukuncin barin maganin

Neman magani abu ne da Manzon Allah (SAW) ya yi, ya kuma yi umurni da shi, kuma Imamul Buhari ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar mata da magani. Malaman usulu kuma suna da ƙa'ida sananniya, cewa idan cutarwa biyu suka haɗu, babu makawa sai ɗaya, to ana ɗaukar mafi sauƙi domin a kauce wa mafi girma. Kumburin fuska cutarwa ce, ba mu musanta ba. Amma jinin da zai tsinke a cikin ƙwaƙwalwa saboda ƙarancin falaket ya fi ta nesa ba kusa ba.

A nan ne muke son mu tsaya mu daɗe, domin a nan ne rayuka ke salwanta. A bisa kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka da Allah Ya ɗora wa aikin samar da wani sinadari mai kama da kortizon, wanda da shi ne jiki ke riƙe tansiyo da sukari, da shi yake jure zazzaɓi da rauni. Idan mutum ya sha kortizon na kwali fiye da mako uku, sai waɗannan tsokoki su ga an ɗauke musu aiki, su kwanta barci. Ranar da ya yanke maganin farat ɗaya, na kwali babu, na jiki bai farka ba, sai ka ga kasala mai tsanani, da amai, da jiri, tansiyo ta faɗi, mutum ya suma, wani ma daga nan sai kabari. Shi ya sa likita ke rage shi sannu a hankali, mako bayan mako, har tsokokin su farka su karɓi aikinsu. Saboda haka wanda ya ce wa marar lafiya ya watsar da ƙwayoyin nan yau-yau, ko da kyakkyawar niyya ya faɗa, ya yi fatawa ba da ilimi ba a kan ran Musulmi. Shi ma marar lafiyar da ya san wannan bayani, sa'an nan ya yanke da gangan, ya ji tsoron shiga cikin hanin da Allah Ya yi a Suratul Baƙara aya ta 195 game da jefa kai cikin halaka.

Abin da ya kamace shi, idan wahalar ta yi yawa, shi ne ya koma wajen wanda ya rubuta masa ordonansi ya faɗa masa komai ba ɓoye-ɓoye. Likita yana iya rage awo, ko ya sauya lokacin sha, ko ya ƙara wani abin da zai tare illar, ko ya koma wani magani dabam. Kada kuma a bari kwali ya ƙare kafin a sayi wani. Mai tafiya ƙauye ko fatauci ya ɗauki guzurin da ya zarce kwanakin tafiyarsa. Idan amai ya hana ƙwayar zama a ciki, wannan ba abin jira har gobe ba ne, a tafi gidan likita a ba shi ta jijiya. Mai shan sikulosforin kuwa ya sani cewa ɓargo ba ya farfaɗowa da wuri, sau da yawa sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga amfaninsa. Manomin da ya tone irinsa bayan kwana biyu don ya ga ko ya tsira, ba zai ci gero ba.

Fuska, ciki da harsunan mutane

Kortizon yana buɗe ciki, yana tara kitse a fuska da wuya da tumbi, yana ɗaga sukari da tansiyo. Wannan kumburi yakan tafi bayan an rage maganin, ko da yake yana ɗaukar watanni. A sha ƙwayar da safe bayan an karya kumallo, domin shan ta da dare na hana barci, shan ta da yunwa kuma na taɓa ciki. A rage gishiri, kuma a tuna cewa gishiri ba wanda ake barbaɗawa kaɗai ba ne: yana cikin dunƙulen miya, yana cikin kilishi da busasshen kifi, kanwa ma ƴar'uwarsa ce. Shayin nan namu mai zagaye uku da sukari har ya yi kauri, sai a yi masa haƙuri na wani lokaci. Wanda ya ga ƙishirwa da fitsari sun yawaita ya je a auna masa sukari. Idan shan ya daɗe, ƙashi yakan yi rauni, shi ya sa nono da cuku da zogale da miyar kuka ke da amfani gare shi, haka ma tafiya da ƙafa. Ciwon kwankwaso da ya ƙi tafiya, ko gani da ya fara dushewa, a kai wa likita labarinsa. Sikulosforin shi kuma yana sa rawar hannu, da kumburin dasashi, da fitowar gashi a inda ba a saba ba, kuma yana wahalar da ƙoda, saboda haka awon jini da na tansiyo da aka yanka wa marar lafiya ba na ganin dama ba ne.

Akwai wata illa da ba a cika faɗa ba. Maganin nan yana taɓa hali. Mutum mai sanyin rai sai ya koma mai saurin fushi, wani ya yi ta surutu, wani baƙin ciki ya rufe shi. Maigida ya san haka game da uwargidansa, ita ma ta san haka game da shi, kada a yanke hukuncin saki ko yaji a kan abin da ƙwaya ta haifar. Kada kuma a yi gaggawar cewa iskoki ne. Idan abin ya kai ga ruɗewa ko mutum ya fara maganar ya gaji da rayuwa, a kai shi ga likitansa ran nan.

Mu kuma sai mu kama harsunanmu. Yarinya budurwa da fuskarta ta cika, ko gashi ya fito mata a haɓa, ta ishe kanta damuwa ba sai an ƙara mata ba. Wani ya ce ta sha maganin ƙiba, wani ya raɗa cewa ciki ne, wani ya laƙaba mata suna. Allah Ya hana izgili da jifa da miyagun laƙabobi a Suratul Hujurati aya ta 11, a aya ta 12 kuma Ya hana mummunan zato da giba. Da yawa daga masu yanke magani ba zafin ciwo ne ya sa su ba, zafin baki ne. Tun da zance ya kawo mu nan, bari mu faɗa wa mata masu lafiya da ke sayen deksametazon wajen ƴan talla don su yi jiki: dangin kortizon ne, duk illolin da muka lissafa suna cikinsa, su kuma ba su da cutar da za ta zama musu uzuri.

Masallaci, gaisuwa da zazzaɓi

Idan an rage ƙarfin masu gadi, ƙofa ta zama a buɗe. Cutar da mai lafiya zai kwana biyu ya warke, shi tana iya kayar da shi. Tarin fuka da ya kwanta a jiki shekaru yana iya tashi, haka ciwon hanta nau'in B, haka wata tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa. Don haka ne likita ke bincika waɗannan kafin a fara. Ƙa'idar da muke so kowane gida ya hardace ita ce: zafin jiki da ya kai 38 a ma'auni, ga mai shan wannan magani, ranar ake kai shi asibiti, ko da tsakar dare ne. Ba a ce masassara ce a sayo ƙwaya a bakin kasuwa. Kortizon ma yakan ɓoye zazzaɓi, don haka kasala ta farat ɗaya, ko tari, ko sarƙewar numfashi, ko zawo, duk sun isa dalili. Ya kwana cikin sange rani da damina. Ya sha ruwan da aka tafasa ko aka tace, a dafa madara kafin a yi kindirmo, ya nisanci ɗanyen salati da furar da bai san ruwan da aka dama ta da shi ba.

To, sallar jam'i fa? Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun lissafa rashin lafiya cikin uzurorin da ke halatta barin Juma'a da jam'i, kamar yadda yake a Muhtasar na Shaihu Halil. Wanda likita ya ce masa fararen ƙwayoyinsa sun yi ƙasa, ya nisanci cinkoso, to ya yi sallarsa a gida da natsuwar zuciya, musamman lokacin hunturu da bazara da mura da sanƙarau ke yawo. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1995, ko wadda ta auka wa Yamai a 2015, sun san abin da muke nufi. Hadisin Abu Musal Ash'ari a cikin Buhari ya yi bushara cewa bawan da ciwo ko tafiya suka hana shi aikin da ya saba, ana rubuta masa ladarsa kamar yana yi. Idan jiki ya yi dama kuma likita ya yarda, ya zo da butarsa da dardumarsa, ya tsaya gefen sahu wajen iska, ya rufe hanci da baki. Wanda ya miƙa masa hannu ya ga ya ɗora nasa a ƙirji, kada ya ɗauka girman kai ne.

Wani zai ce wannan ƙarancin tawakkali ne. Mu tuna masa da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham ya sami labarin annoba a hanya, ya juya da jama'arsa, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Imamu Muslim kuma ya ruwaito cewa wani kuturu ya zo cikin tawagar Saƙifawa, Annabi (SAW) ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Babu wanda ya kai waɗannan dogaro ga Allah.

Gaida marar lafiya haƙƙi ne, amma mai mura ko tari ya aika da gaisuwa ta waya, ladarsa na nan. Kada a kai masa yaro mai ƙyanda ko ƙarambau. In kuwa an riga an haɗu, a sanar da likita ba tare da jiran ƙuraje su fito ba. Mai yi masa addu'a ya yi, ba sai ya tofa masa a fuska ba.

Azumi

Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara aya ta 184 da ta 185, ya sha ya rama a wasu kwanaki. Malamanmu sun ce shan azumi ya halatta ga wanda ke tsoron ciwonsa ya ƙaru ko warakarsa ta yi jinkiri, kuma ya zama wajibi idan yana tsoron halaka ko cutarwa mai tsanani. Mai shan kortizon sau ɗaya a yini, wanda sukarinsa da tansiyonsa ke daidai, yana yiwuwa likita ya yarje masa ya mayar da ƙwayarsa lokacin sahur. Amma sikulosforin sau biyu ake shan sa, awa 12 tsakani, ga shi yinin azumi a ƙasar nan yakan kai awa 13 zuwa 14, ga ƙodar da maganin ya riga ya ɗora wa nauyi tana bukatar ruwa, balle azumi ya faɗo a bazara zafi ya haura 40. Irin wannan kada ya yanke wa kansa hukunci. Tun cikin Sha'aban ya tambayi likita abin da jikinsa zai iya, sa'an nan ya kawo wa malami amsar likita. Wanda aka tabbatar ba zai iya ramawa ba har abada, an so ya ciyar da mudu ɗaya na Annabi (SAW) a madadin kowace rana. Muna ganin wasu suna jin kunyar a gan su suna shan ruwa da rana, har su ɗauki azumin da zai kwantar da su. Karɓar rangwamen Allah ɗa'a ce gare Shi.

Ƙaho, tsaga da maganin gargajiya

Ƙaho yana da asali a Sunna, amma ba ga wanda jininsa ba ya tsayawa ba. Mai ƙarancin falaket ya nisanci ƙaho, da tsaga, da sakiya, da cire belu. Yaro mai wannan ciwo kada a yi masa kaciya sai da izinin likitansa. Kada ya yarda a yi masa allurar tsoka a gida ko a shago. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ke cike da faifan ƴan talla, suna ƙara zubar jini, suna cin ciki, suna kuma taɓa ƙoda. Asuwaki ya zama mai laushi, a yi shi a hankali. Idan haɓo ya zo, ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, ya matse tattausan hanci minti goma zuwa sha biyar. In bai tsaya ba, ko aka ga baƙin bayan gida, ko jini a fitsari, ko ciwon kai mai tsanani, sai asibiti. Ya kwantar da hankalinsa cewa fitar jini daga hanci ko dasashi ba ta warware alwala a mazhabar Imamu Malik, kuma hukuncin haɓo a cikin salla yana nan a Risala ta Ibn Abi Zaid, ya nemi malami ya karanta masa. Matar da jinin al'adarta ya zarce, ta tambayi malamai iyakar haila da istihala domin sallarta, ta kuma gaya wa likita domin jininta.

Game da saiwoyi da sassaƙe da habbatus sauda, ba muna raina su ba ne. Sai dai hanta ce ke sarrafa sikulosforin, kuma abubuwa da dama suna sauya yawansa a jini: lemon nan mai ɗaci da ake kira famfalamus yana ɗaga shi har ya zama guba, rifamfisin na tarin fuka kuma yana rage shi har ya daina aiki. Abin da aka san yana yi ke nan, to ina ga jiƙon da ba a auna ba? Duk abin da za a sha a nuna wa likita tukuna. Mai tallar da ke cewa maganinsa na ƙara garkuwar jiki, in ma gaskiya ya faɗa, ai garkuwar ce ake ƙoƙarin kwantarwa.

Mai niyyar Hajji ko Umra ya sani cewa alluran rigakafi iri biyu ne. Ta sanƙarau da ake nema ga alhazai babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, ana iya yi masa. Ta shawara da ta ƙyanda kuwa masu rai ne da aka raunana, ba a yi wa wanda garkuwarsa ke ƙasa. Wanda aka taɓa yi wa ta shawara ya adana katinsa, domin tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. In likita ya ce a dakata, lafiyar jiki tana cikin ikon da Allah Ya sharɗanta wa Hajji.

Abin da ya hau kan jama'a

Ciwon nan yana cin dukiya. Wanda ke ƙauyen Tawa ko na Maraɗi sau da yawa sai ya dangana da babban asibiti, wani har Damagaram ko Yamai, don awon da ba a yi a ƙaramar likitar garinsu. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga farmasi kowane wata. Da yawa daga masu yanke magani a tsakiya talauci ne ya yanke musu. Matalauci marar lafiya yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, kuma kwamitin kowane masallaci yana iya sanin nasa ba tare da an tona asirin kowa a lasifika ba: mutum ɗaya amintacce ya riƙe sunayen, ya san ranar da kwalin kowa zai ƙare.

Sa'an nan jini. Mai mutuwar ɓargo yakan rayu ne da ƙarin jini har maganin ya kama, jini kuwa ba a ƙera shi, sai wani ya bayar. Namiji ko mace mai lafiya, da ya kai shekara 18 da kilo 50, yana iya bayar da abin da bai kai rabin lita ba, jikinsa ya mayar cikin makonni. Matasan ƙungiya su je cibiyar ƙarin jini ta jiharsu su rubuta sunayensu tun ba a neme su ba, limamai kuma su riƙa tunatarwa kafin Ramadan da lokacin damina, sa'ad da masassara ke kwantar da yara kuma ajiyar jini ke ƙarewa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.